Wata 4 ina motsa jiki, amma sikeli bai motsa ba: ina matsalar take?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya cewa yau wata 4 ke nan tana fita tafiya da sauri, minti 40 a kowace fita, sau 5 a mako, ba ta fashi sai da larura. Ta fara da kilo 84, kuma da ta hau sikeli a makon jiya, kilo 84 ɗin nan ta sake gani. Ta ce a iya saninta abincinta bai ƙaru ba. Tana so ta san ko jikinta ne ke da matsala, ko kuwa ta haƙura ta daina wahalar da kanta.

'Yar'uwa, don Allah kada ki daina. Na fara da wannan ne domin na sha ganin mutane suna ajiye takalman tafiyarsu a daidai wannan gaɓar, a wata na uku ko na huɗu, lokacin da gwiwa ta yi sanyi. Abin da ya same ki shi ne abin da ke samun yawancin waɗanda suka ɗauki motsa jiki kaɗai a matsayin hanyar rage ƙiba. Jikinki bai lalace ba, aikinsa yake yi yadda aka tsara shi. Alkawarin da aka yi miki game da motsa jiki ne ya fi ƙarfin abin da motsa jikin zai iya.

Mu fara da lissafi, domin a nan ne idon mutane ya fi buɗewa. Mace mai nauyinki takan ƙona wajen kalori 2,200 a yini (kalori shi ne ma'aunin makamashin da abinci ke ba jiki), ya ɗan fi ko ya ɗan gaza gwargwadon tsayi da shekaru. Mafi yawan wannan, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne ko da kin wuni a kwance: ƙwaƙwalwa, hanta, zuciya da ƙoda ba sa hutu, kuma su ne manyan masu cin makamashin jiki. Wajen kashi 10 yana tafiya wurin narkar da abincin da kika ci. Sauran ne rabon motsi, kuma motsin ya haɗa da komai: tashi, zama, shara, hawa bene, har da kaɗa ƙafa lokacin da kike zaune. Tafiyarki ta minti 40 ɗan yanki ce daga cikin wannan ragowar.

Tafiyar za ta ƙona miki kalori 220 ko makamancin haka. Sai dai ko da kin zauna a gida cikin waɗannan mintunan, da kin ƙona wajen 50, saboda haka ribar da kika samu ta gaskiya ba ta wuce 170 ko 180 ba. Sau 5 a mako, kusan 900 ke nan. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Idan komai ya tafi daidai a kan takarda, sai kin yi mako 8 ko 9 kafin kilo ɗaya ya sauka, wato a wata 4 abin da za ki sa rai da shi bai wuce kilo 2 ba. Yanzu ki raba 900 ɗin nan gida bakwai: kalori 130 a rana. Babban cokali ɗaya na mai yana da kusan 120. Gwangwanin lemo mai sukari ɗaya yana da kusan 140. Duk gumin da kika yi a mako, cokali ɗaya na mai da ya ƙaru a girki kullum ya isa ya shafe shi, kuma babu wanda zai lura da ƙaruwar cokali ɗaya a tukunya.

Wannan lissafin takarda ne. Jiki ba ya tsayawa ya zuba ido ana kwashe masa ajiya, yana neman hanyar mayar da abin da ya fita, kuma yana da hanyoyi fiye da ɗaya.

Ta farko ita ce yunwa, kuma ita ce mafi ƙarfi. Kin ce abincinki bai ƙaru ba, na kuma yarda da gaskiya kike faɗa. Amma ƙarin da muke magana a kai ba faranti na biyu ba ne da za ki tuna da shi. Loma uku ce a ƙarshen cin abinci, ragowar abincin yara da kika ƙarasa don kada a zubar, ɗan abin taɓawa da kika ɗauka bayan kin dawo daga tafiya domin kin ji kin cancanta. A wata cibiyar bincike da ke jihar Louisiana ta Amurka, an sa mutane motsa jiki a ƙarƙashin kulawa har wata 6, aka kuma auna abin da suke ci ta hanyar da ba ta dogara da abin da suka faɗa da bakinsu ba. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cin nasu ya ƙaru da kalori 90 zuwa 125 a rana, kuma nauyin da suka rasa ya gaza abin da lissafi ya nuna nesa ba kusa ba. Ki kwatanta wannan da 130 ɗinki. Tufka da warwara ke nan, kuma mai yin ba ya sani.

Ɗan Adam ba gwani ba ne wajen ƙiyasta abin da ya ci. Akwai wani tsohon bincike na 1992 a kan mutanen da suka ce suna cin abinci kaɗan ƙwarai amma ba sa ramewa. Da aka auna da kyau, sai aka ga abin da suka faɗa ya gaza abin da suka ci da kashi 47 cikin 100, motsin da suka ce suna yi kuma ya haura gaskiya da kashi 51. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Ƙwaƙwalwa takan riƙe wahalar da aka sha, ta saki ɗan abin da aka jefa a baki a tsaye. Har masana abinci da aka gwada sun gaza wajen ƙiyasta nasu cin.

Hanya ta biyu ita ce raguwar sauran motsin yini. Akwai wani mutum da na yi aiki da shi, magidanci mai himma, wanda ya fara sassarfa da asuba kusan kullum. Bayan wata 3 ya zo mini ransa a ɓace, nauyi bai sauka ba. Na roƙe shi ya buɗe wayarsa mu duba ƙirgen takunsa na watannin baya. Kafin ya fara sassarfa, yakan yi taku mai yawa a warwatse cikin yini: yana hawa bene a wurin aiki, yana zagayawa ofisoshin abokan aiki, da yamma yana fita da yaransa. Bayan ya fara, sai zanen ya koma tsauni ɗaya da sassafe, sannan shimfiɗaɗɗen fili har dare. Jimillar takun kusan ɗaya ce. Ya yi shiru yana kallon wayar, sannan ya ce shi kam bai taɓa yanke shawarar daina hawa bene ba, kawai ya tsinci kansa yana jiran lif. Haka abin yake zuwa. Gajiya ba ta sallama, sai dai ki ga kin aiki yaro ya ɗauko abin da da kanki kike tashi ki ɗauko. James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya nuna tun 1999 cewa wannan ƙananan motsin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba yana iya bambanta da ɗaruruwan kalori a rana tsakanin mutum da mutum.

Hanya ta uku ta fi ban mamaki, kuma ni kaina ta sauya mini tunani lokacin da na fara karanta ta. Wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun je arewacin Tanzaniya wurin al'ummar Hadza, waɗanda har yau wasunsu da farauta da tsintar 'ya'yan itace da tonon saiwa suke rayuwa. Mazansu kan yi tafiyar sama da kilomita 10 a rana, matan kuma su yi tono da ɗaukar kaya da goyo. Kowa ya zaci za a samu suna ƙona kalori fiye da ma'aikacin ofis nesa ba kusa ba. Aka ba su wani ruwa na musamman suka sha, wanda ta hanyar fitsari yake nuna ainihin makamashin da jiki ya ƙona cikin kwanaki. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da Hadza ke ƙonawa a yini kusan daidai yake da na mutanen Amurka da Turai. Fassarar da Pontzer ya yi ita ce jiki yana da wani kasafi da yake ƙoƙarin tsayawa a kansa, idan motsi ya ci kaso mai yawa na dogon lokaci, sai ya tsuke bakin aljihu a wasu ayyukan na ciki. Wani bincike na 2021 a kan mutane sama da 1,700 ya ƙiyasta cewa cikin kowace kalori 100 da aka ƙona ta motsi, jiki yakan maido da kusan 28 ta wannan hanyar, kuma a masu kitse da yawa abin yakan kusa rabi. Masana suna ja-in-ja a kan girman wannan ragin, wasu na ganin bai kai haka ba. Amma ko da an ɗauki mafi ƙanƙantar ƙiyasi, 130 ɗinki ta ƙara raguwa.

A nan zan ɗan ratse in yi magana a kan agogon hannu da injin gudu masu nuna adadin kalori, domin suna ɓatar da mutane da yawa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan agoguna guda 7. Wajen auna bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni da kashi 93. Idan agogo ya ce miki kin ƙona 400, kada ki ɗauki wannan a matsayin izinin cin 400. Ki yi amfani da shi wajen ƙirga taku da mintuna, a nan yake da amfani.

Mutane kuma ba ɗaya suke ba. A Jami'ar Leeds ta Ingila an sa mutane 35 masu ƙiba motsa jiki iri ɗaya, kalori 500 a kowane zama, sau 5 a mako, har mako 12, ana kallonsu don kada wani ya yi ha'inci. A ƙarshe wani ya rasa sama da kilo 14, wani kuwa ya ƙara kusan kilo 2. Aiki ɗaya, sakamako daban. Waɗanda ba su rame ba su ne galibi waɗanda yunwarsu ta tashi. Saboda haka idan ƙawarki ta fara tafiya tare da ke ta zube, ke kuma ba ki zube ba, wannan ba shaidar kasala ba ce a kanki.

Sai maganar sikelin kansa. Sikeli yana auna ƙashi da tsoka da kitse da ruwa da abin da ke cikin hanji gaba ɗaya, ba ya rarrabewa. Idan mutum ya fara motsa jiki, tsoka takan ƙara ajiyar wani nau'in sukari da take amfani da shi, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe wajen giram 3 na ruwa. Yawan jini ma yakan ɗan ƙaru. Ga gishiri, ga kwanakin da ke gaban al'ada, waɗanda su kaɗai kan ɗaga nauyin mace da kilo ɗaya ko biyu. To idan kitsen da kika rasa a wata 4 kilo ɗaya ne, ruwa zai iya rufe shi ruf a ranar da kika hau sikeli. Amma ba zan yaudare ki da maganar da ake yawan yi ba, wai kitse ne ya koma tsoka. Kitse ba ya zama tsoka, abubuwa biyu ne daban, kuma tafiya ba ta gina tsoka mai yawan da za ta ɓoye kilo da yawa. Haka nan gumi ruwa ne kawai. Masu ɗaura leda a ciki ko sa kaya masu kauri don su yi zufa, abin da suka rasa yana dawowa da zarar sun sha ruwa, kuma suna jefa kansu cikin haɗarin bushewar jiki. Kitse idan ya ƙone, ta numfashi mafi yawansa yake fita: cikin kilo 10, wajen kilo 8.4 iska ce da huhu ke fitarwa, sauran ruwa.

To me ya sa na ce kada ki daina? Domin cikin watannin nan 4 kin sami abubuwan da sikeli ba ya iya gani. Tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini cikin sauƙi, kuma wannan tasirin yana nan har yini ɗaya ko biyu bayan kowace tafiya. Hawan jini yakan sauka kaɗan. Kitsen da ke can cikin ciki, wanda ke kewaye hanji da hanta, shi ne mafi haɗari wajen ciwon suga da ciwon zuciya, kuma shi ne yake saurin jin motsa jiki, yana raguwa ko da nauyi bai sauya ba. Tun 1953 likita Jeremy Morris ya lura cewa kwandastocin motocin bas masu bene na Landan, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune, alhali a mota ɗaya suke aiki. Daga lokacin zuwa yau bincike bai daina tabbatar da wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ke kuma kina yin 200. Kina cikin sahun da mutane da yawa ba su kai ba, kuma ina so ki ji daɗin wannan har cikin ranki.

Akwai kuma wani wuri da motsa jiki ke da babban tasiri a kan nauyi, wato bayan an rage shi. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe a 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan sama da shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna motsa jiki wajen awa ɗaya a rana. Saukar da nauyi ya fi dogara ga abin da ke shiga baki, hana shi dawowa kuma yana buƙatar ƙafa. Ke kin riga kin gina ɗabi'ar da ta fi wuyar ginawa.

Abin da ya rage shi ne ɓangaren abinci, kuma ba ina nufin ki azabtar da kanki da yunwa ba. Irin wannan tsauraran matakan ba sa ɗorewa, kuma sukan cinye tsoka tare da kitse. Ki ɗauki mako ɗaya ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki a lokacin da ya shiga, ba da daddare daga tunani ba, har da abin sha da ɗanɗanon girki. Kada ki sauya komai a makon, kallo kawai za ki yi. Kusan kowa da na sa ya yi wannan yakan gano wuri biyu ko uku da kalori ke shigowa ba tare da sun ƙosar da shi ba, kuma galibi abin sha mai sukari ne, ko yawan mai, ko ciye-ciyen dare. Abin sha ya fi komai sauƙin cirewa domin ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Idan kika rage kalori 300 zuwa 500 a rana daga irin waɗannan wuraren, kika ƙara ganye da abinci mai furotin domin su riƙe miki ciki, kina ci gaba da tafiyarki, rabin kilo a mako ko ƙasa da haka kaɗan abu ne mai yiwuwa. Zai yi sauri da farko sannan ya lafa, domin ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa, kuma yunwa takan ƙaru yayin da nauyi ke sauka. Rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinki, wato kilo 4 zuwa 6, ya isa ya kawo canji na gaske. A babban binciken rigakafin ciwon suga da aka wallafa a Amurka a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100.

Ki ƙara kwana biyu a mako na aikin ƙarfi, ko da tsugunno da tashi ne da turin bango a ɗakinki, domin idan nauyi ya fara sauka ya zama kitse ne ke tafiya, tsoka ta tsaya. Ki kuma duba barcinki. Idan tafiyar asuba tana cinye miki awa ɗaya daga barcin da dama bai isa ba, kina biyan kuɗin da yunwa. A wani gwaji a Jami'ar Chicago, masu rage abinci da aka bari suna barcin awa 5 da rabi sun rasa kitse ƙasa da rabin abin da suka rasa lokacin da aka ba su awa 8 da rabi, a kan abinci iri ɗaya.

Game da tambayarki ko jikinki na da matsala: a mafi yawan lokuta babu. Amma idan kina fama da gajiya marar dalili, jin sanyi fiye da kowa, bushewar fata da taurin bayan gida, ki nemi a gwada miki tayirod, wato wani ɗan sashen jiki da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona makamashi. Idan al'adarki tana tsallake watanni, ga gashi a haɓa ko ƙuraje, ki ambaci wannan ga likita domin a duba matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. Wasu magunguna ma suna ƙara nauyi: irin su prednisolone, insulin, wasu magungunan damuwa da taɓin hankali, da wata allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku. Idan kina shan ɗaya daga ciki, kada ki tsayar da shi da kanki, ki tambayi wanda ya rubuta miki ko akwai madadi.

Sikeli kuma ki daina yanke hukunci da awo ɗaya. Ki hau sau 2 ko 3 a mako, da safe bayan kin shiga bayi, kafin ki ci komai, ki riƙa kwatanta matsakaicin wannan watan da na wancan. Sannan ki samo tef ɗin awo irin na tela, ki zagaya shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarinki na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, bayan kin saki numfashi, ba tare da kin tsuke ciki ba. Abin da ake so shi ne awon ya gaza rabin tsayinki: idan tsayinki santimita 164 ne, ƙugun ya zama ƙasa da 82. Ki rubuta abin da kika gani yau, ki sake aunawa bayan mako 4, ki turo mini shi tare da takardar abincin nan ta mako ɗaya, mu duba tare inda za a fara ragewa.